Man Birki: Ciko Ba Canji Ba Ne

Mai mota a ƙasar nan da wuya ya manta da ranar juye baƙin mai. Ko ya manta, ƙarar inji za ta tuna masa. Taya ma idan ta suɗe, ido na gani. Amma shiga tasha ka tambayi direbobi yaushe rabon da a zubar da man birkin motarsu a zuba sabo, amsar da za ka fi ji ita ce: "Man birki ai ba a canja shi, in ya yi ƙasa ciko ake yi." Da wannan fahimta motoci da yawa ke yawo a hanyoyinmu, ɗauke da man da tun daga Turai ko Amurka yake cikinsu, ya ratso teku, ya sauka a Kwatano ko Legas, ya wuce hannun mutum biyu ko uku ba wanda ya taɓa shi.

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa ba ta kaiwa ga taya. Abin da take yi shi ne ta tura fistin a cikin abin da makanikai ke kira masta, shi kuma ya tura mai cikin siraran bututai zuwa ƙafafun motar huɗu, man ya matse takalman birki a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne a kan cewa ruwa-ruwa ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da aka danna a wannan baki, shi zai fita a wancan bakin. Ranar da wani abu mai matsuwa ya shiga cikin bututan, iska ko tururi, ƙarfin ƙafa a wurin matse shi zai ƙare, taya kuwa ta ci gaba da gudunta.

To daga ina tururi zai fito a cikin bututun da yake a rufe? Daga ruwa. Man birkin da yawancin motoci ke amfani da shi yana da halin zuƙar danshi daga iska. Yana zuƙa ta murfin 'yar robar da ke ƙarƙashin bonet, yana zuƙa ta jikin tiyon roba da ke kusa da taya, kaɗan-kaɗan, ko motar na aiki ko tana ajiye a gareji an lulluɓe ta. Shi ya sa tsufan man birki da shekara ake lissafa shi, ba da tafiya kaɗai ba. Wani zai ce ai mu a Arewa iskarmu busasshiya ce. Haka ne, a lokacin hunturu da bazara. Amma muna da damina, muna ratsa ruwa a unguwanni har ya taɓa ƙofa, kuma masu wankin mota na feshin ruwa cikin inji ba ruwansu da murfin da bai rufu da kyau ba.

Rubutun da ke jikin gwangwanin mai, DOT 3 ko DOT 4, ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka, kuma maganar zafi yake yi. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ba sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin ya yarda ya tafasa a digiri 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Ɗan ruwan da ido ba ya gani ya cinye digiri sittin zuwa saba'in da wani abu.

A cikin gari ba za ka gane ba. Daga Sabon Gari zuwa Kurmi, taka-saki ne, birki ba ya ɗaukar zafin kirki. Inda asiri ke tonuwa shi ne doguwar gangara. Wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo, ko daga Gembu ta gangaren tsaunin Mambila, ya san yadda ƙafa ke daɗewa a kan birki, ga mota cike da mutane da buhuna. Ƙarfen taya ya yi zafi, zafin ya ratsa zuwa mai, ruwan da ke cikinsa ya tafasa ya zama tururi. Direba ya taka, feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne bayan motar ta huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo yana kamawa tamkar ba abin da ya faru. Sai direban da Allah Ya tsare ya ɗauka wani abu ne ya gifta, ya ci gaba da tafiya da man nan. (Manyan tireloli lamarinsu daban ne, su birkin iska gare su. Maganarmu a nan ta ƙananan motoci ce da bas-bas.)

Ruwan yana kuma yin wata ɓarnar a hankali: tsatsa. Fistin ya cije, taya ɗaya ta riƙa kamawa fiye da 'yar'uwarta, mota ta riƙa fizga gefe. A motocin da ke da ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, na'urar tana da ƙananan ƙofofin mai da datti kaɗan ke toshewa, kuma kuɗinta ya ninka na gwangwanin mai sau da yawa.

Shi kuwa ciko, kofi ɗaya na sabon mai a sama ba ya fitar da tsohon da ke can ƙasa kusa da taya, inda zafin yake. Bayan haka, man birki ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba. Idan ya yi ƙasa, ɗayan biyu ne: ko takalman birki sun cinye, ko akwai inda yake yoyo. Wanda ya cika ya rufe bonet ya rufe bakin motar ne a lokacin da take gaya masa damuwarta.

Kamfanoni sun bambanta a kan wa'adi. Mercedes da BMW shekara biyu suke cewa, Honda shekara uku. Littafin motarka shi ne alƙali. In babu littafi, kamar yadda yawancin motocin Kwatano suke zuwa, riƙe shekara biyu, kuma ranar da ka sayi motar hannu ka fara da canja shi. Launi yana taimakawa: sabo garau yake, mai ɗan rawaya, tsoho kuma ya koma ruwan ƙasa ko baƙi. Sai dai mai yana iya zama garau alhali ya sha ruwa. Akwai 'yar na'ura mai tsawon biro da ake tsomawa ta nuna yawan ruwan. In ta nuna kashi 3, lokaci ya yi.

Aikin kansa ba mai tsawo ba ne, kuma lita ɗaya takan ishi ƙaramar mota. Za ka ga yaron gareji a kujerar direba, maigidansa a tsugune gindin taya da sifana, yana kira: "Taka! Taka! Riƙe!" Ya sassauta 'yar ƙusar, tsohon mai ya tsarto, ya ɗaure, "Saki!" Haka za a bi taya huɗu har sai mai garau ya fito ba kumfa. Ka tsaya a wurin. Bakaniken da ya zuƙe na cikin roba kawai ya zuba sabo bai canja maka komai ba. Ka kuma tabbata a gabanka aka fasa murfin gwangwanin, domin ragowar da ta kwana biyu a buɗe a kan benci ta riga ta fara shan danshi. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 danginsu ɗaya, amma DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Baƙin mai ko man giya kuwa kumbura robobin birki suke yi su lalata su. In man birki ya ɗiga a jikin mota a wanke nan take, yana cin fenti.

Akwai wata al'ada da ya kamata a faɗe ta ƙarara: kaɗa omo da ruwa a zuba a madadin man birki. Wasu direbobin haya suna yi, har suna cewa ya fi kamawa. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, wato ƙasa da mafi lalacewar man birki, ga tsatsa da yake jawowa. Wanda ya yi haka ya ɗebi fasinja, ya ci amanar mutanen da suka ba shi kuɗinsu da rayukansu. Haka masu shafa man birki a ciwo ko ƙyasbi, su daina; sinadari ne mai guba, ba magani ba.

Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da ke duba taya da fitila kafin mota ta yi lodi, don Allah su ƙara da buɗe bonet. Kai kuma mai motar gida, idan ba ka iya tuna ranar da aka canja man birkinka ba, ka kai ta gareji kafin tafiyarka ta gaba, ka sa a rubuta maka kwanan wata a jikin robar.