Sharuɗɗan Samun Rangwamen Kuɗin Makaranta a Jami'o'in Jihohin Amurka

'Yan kasuwar da ke shirin tura 'ya'yansu karatu Amurka suna bukatar sanin cewa jami'o'in gwamnatocin jihohin ƙasar suna da farashi iri biyu, wato na mazauna jiha da na baƙi.

Alƙaluman hukumar College Board na zangon karatu na 2024/2025 sun nuna cewa matsakaicin kuɗin makaranta na mazaunin jiha dala 11,610 ne a shekara, shi kuwa baƙo yana biyan dala 30,780. Dalilin wannan rata shi ne harajin mazauna jiha na cikin abin da ke ɗaukar nauyin jami'o'in.

A Nijeriya, asalin jiha ake dubawa wajen irin wannan rangwame, amma a Amurka zama ake dubawa. Galibin jihohi suna bukatar mutum ya zauna watanni 12 kafin fara karatu, tare da hujjar cewa ya mayar da jihar mazauninsa na dindindin, kamar biyan haraji da lasin tuƙi da takardar haya. Zaman da aka yi domin karatu kaɗai ba ya wadatarwa. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a wata shari'a daga jihar Connecticut, cewa dole a ba ɗalibi damar tabbatar da ya zama mazauni.

Ɗalibin da iyayensa ke ɗaukar nauyinsa, yawanci mazaunin iyayen ake lissafa masa. Saboda haka yaron da aka haifa a Amurka, amma iyayensa suna Kano ko Legas, fasfo ba zai ba shi rangwamen ba. Haka kuma sayen gida a jihar bai isa hujja ba. Mai bizar karatu ta F-1 kuwa ba ya iya zama mazauni, domin sharaɗin bizar shi ne zai koma ƙasarsa.

Sai dai akwai wata kafa. Dokar jihar Texas ta ba jami'o'inta damar karɓar kuɗin mazauna daga baƙon da ya ci gasar tallafin karatu na aƙalla dala 1,000 a shekara.

Tun da kowace jiha da ƙa'idarta, ya kamata iyaye su nemi hukuncin ofishin rajista na jami'a a rubuce kafin su tsara kasafin shekaru huɗu.