Kujerar da Deakin ya ajiye a West Bourke

A farkon 1879 mutuwa ta bar gurbi a majalisar dokokin Victoria, ɗaya daga cikin yankunan Ostareliya da Ingila ke mulka a lokacin. Aka shirya zaɓen cike gurbi a mazaɓar West Bourke, wajen birnin Melbourne. Ɗan takarar ɓangaren gwamnati matashi ne mai shekara 22, Alfred Deakin, lauya kuma marubuci a jaridar The Age.

Rigimar siyasar da ke bayan zaɓen ta samo asali ne daga zinare. Bayan an gano shi a 1851, jama'a sun yi ta kwarara Victoria. Da arzikin ramuka ya ja baya, dubban masu haƙa suka dawo birni babu sana'a, ga kayan Ingila masu araha sun cika kasuwa. Mai jaridar The Age, David Syme, ya dage cewa a ɗora wa kayan waje harajin kwastan mai nauyi, domin maɗinkin takalmi da maƙeri na gida su samu na tuwo. Victoria ta fara bin wannan hanya a 1866, maƙwabciyarta New South Wales kuwa ta bar ƙofarta a buɗe. Manomi da ɗan kasuwa su ma suna da hujja: harajin da ya ceci masana'anta, shi ne ke tsauwala musu kuɗin garma da tufafi. A kan wannan ga kuma rikicin gwamnati da majalisar dattawa, wadda masu filaye suka mamaye.

Shi kansa Deakin da farko mai goyon bayan ciniki ba shinge ne. Syme ne ya juyo da ra'ayinsa, ya kuma mara masa baya har ya kayar da ɗan kasuwa Robert Harper da ƙyar.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a watan Yuli. Tun ranar zaɓen, a rumfar zaɓe ta Newham takardun ƙuri'a sun ƙare, wasu suka koma gida ba su jefa ba. Saboda haka Deakin ya miƙe a jawabinsa na farko a zauren majalisa, ya ce ya ajiye kujerar. Aka sake zaɓe, Harper ya doke shi da ƙuri'a 15 kacal.

Sai a Yulin 1880 ya dawo majalisa. Daga baya ya yi firaministan Ostareliya sau uku, kuma gwamnatinsa ce ta kafa harajin 1908 da ya kare masana'antun ƙasar baki ɗaya.