Kabewa ba ta ɗiya sai da ƙudan zuma

A garake na bakin Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tibiri, akwai abin da ke ba masu shibka haushi. Kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure da yawa, amma ɗiyan su kaɗe tun suna ƙanana. Wani ya ce taki ne ya kasa, wani ya ce ruwa ne. Sau da yawa ba ko ɗaya. Ƙudan zuma ne babu.

Ga yadda abin yake. Kabewa da kankana suna da fure iri biyu, namiji da mace. Macen tana da ɗan kumburi a gindinta, shi ne zai zama ɗa. Namijin yana da gari rawaya a cikinsa. Sai garin nan ya shiga cikin macen kafin ta yi ɗa. Gero iska ce ke kai masa nasa gari. Na kabewa yana da nauyi, iska ba ta ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne ke kai shi, a jikinsa, sa'ad da yake neman ruwan zaƙi.

To, ƙudan zuma ba ya zama inda babu abinci. Da rani ciyawa ta bushe, furenta ya ƙare. A nan itatuwan ƙasarmu suke da rana. Magarya tana fure wajen ƙarshen damana. Gawo kuwa sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye da fure, lokacin da ake fara aikin garka. Aduwa da sabara da bagaruwa su ma suna ciyar da shi.

Ba sai an sayi iri ba. Tun 1983 aka soma sassabin zamani a jihar Maraɗi: manomi ya bar kututture ya toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya sare sauran. Abin da ya yi amfani a gona zai yi a gefen garka da bayan gida. Ko cikin birnin Maraɗi, magarya guda a jikin darni ba ta cin wuri.

Ƙudan zuma yana jin ƙishirwa. A ajiye masa kasko da ruwa a inuwa, nesa da wurin wasan yara, a zuba tsakuwa ciki don kada ya nutse.

Babban maƙiyinsa maganin ƙwari ne. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Wanda ya yi feshi da safe ya kashe ma'aikacin da ba ya biya ko dala. In feshin ya zama dole, a bari sai rana ta faɗi.

Inda ƙudan bai dawo ba tukuna, mai garka ya tsinko furen namiji da sassafe, ya cire ganyensa, ya shafa garin a tsakiyar macen. Namiji guda yana isar mata biyu ko uku.