Tsohon Jirgi da Hawan Tudu

Jirgin ƙasa na dā da wuta da ruwa yake tafiya. A zuba kwal a wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya juya ƙafafun. Irinsa ne ya fara shiga Kano a 1911.

A Ingila an daina aiki da irin waɗannan jirage a manyan hanyoyi a 1968. Amma an adana waɗansu, ana gyara su. Tun 1971 akan fito da su, su ɗauki mutane yawon shaƙatawa.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne tudu. Akwai wani kusa da birnin Birmingham, sunansa Lickey, tsawonsa mil 2. Kowace tafiyar ƙafa 38, hanya takan ɗaga kamar ƙafa 1. Mu masu tafiya a ƙasa ba za mu damu da wannan ba. Amma jirgi ƙarfe ne bisa ƙarfe, ga nauyin taragu. In ruwa ya jiƙa dogo, sai ƙafafun su yi ta juyawa wuri ɗaya don santsi. In kuwa ya tsaya, ya tare wa sauran jirage hanya.

To, yaya ake yi? Mai zuba kwal yakan gyara wutarsa tun kafin a iso tudu. Direba yakan saki yashi bisa dogo, ƙafafun su kama. In kaya sun yi yawa, wani kan jirgi yakan tura daga baya.

Tambayoyi
1. Me ke juya ƙafafun jirgin?
2. Don me ake zuba yashi?