Yadda sauraron ruwa ke taimakawa wajen ceto ayu da kifin wel

Maiduguri — Masuntan Tafkin Alau da na Tafkin Chadi sun daɗe da sanin cewa halittun ruwa ba kurame ba ne. Kurungu, alal misali, yana gurnani idan an kama shi, kuma sautin na fitowa ne daga gogar ƙayar da ke gefen jikinsa. Irin wannan ilimi na kunne shi ne masana kimiyya ke ƙara dogara da shi wajen ƙidayar dabbobin da ido ba ya iya gani.

Misali mafi shahara shi ne kifin wel, wanda duk da sunansa dabba ce mai shayarwa. A shekarar 1970 masanin Amurka Roger Payne ya fitar da faifan rerawar wani nau'insa mai tozo. Namijin kan shafe mintuna yana jera sautuka bisa tsari, sannan ya maimaita. Faifan ya ƙarfafa fafutukar da ta kai ga dakatar da farautar wel don kasuwanci daga shekarar 1986.

Amma darasi mafi girma ya fito ne daga Alaska. A shekarar 1977 masana suka kiyasta cewa wani nau'in wel na tekun ƙanƙara bai wuce 2,000 ba, don haka aka haramta wa ƙabilar Inupiyat farautarsa ta gado. Dattawan ƙabilar suka musanta adadin. Sun ce masu ƙidayar suna tsaye ne a bakin ƙanƙara, alhali dabbobin da yawa suna wucewa ta ƙarƙashinta ko can nesa. Da aka zura na'urorin sauraro cikin ruwa a shekarun 1980, sai maganar dattawan ta tabbata. Ƙidayar 2011 ta nuna sun haura 16,000.

A Najeriya, dabbar da ta fi buƙatar irin wannan kulawa ita ce ayu. Tana rayuwa a kogunan Neja da Binuwai, da Tafkin Pandam a Jihar Filato, da tafkunan Lere da Tirene a ƙasar Chadi. Ciyayi take ci, kuma hancinta kawai take fiddawa don shan iska, shi ya sa ganinta ke da wuya a ruwa mai laka. Sai dai tana da murya siririya, wadda uwa da ɗanta ke kiran juna da ita.

A Tafkin Ossa na Kamaru, masanin ayu Aristide Takoukam Kamla da ƙungiyarsa ta AMMCO sun haɗa hanyoyin biyu: na'urar sauraro a ruwa, da rahotannin masunta ta wata manhajar waya mai suna Siren.

Ayu na da matsayi a al'adun yankin. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma ana danganta ta da Mami Wata, wadda hotunanta suka cika zane-zane da sassaƙa. A ƙasar Hausa kuwa an san ta da labaran ƙauna, abin da ya sa ake neman man ayu a cikin kayan mata. Wannan buƙata, tare da farautar namanta, da tarun da take faɗawa, da madatsun ruwa da ke raba garkenta, su ne ke rage yawanta. Tun shekarar 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe.

Doka kaɗai ba za ta ƙidaya ayu ba. Sarakunan ruwa da tsofaffin masunta sun san zurfafan wuraren da take fakewa da rani da irin ciyawar da take bari bayan ta yi kiwo. Idan jami'o'i da hukumomin kula da namun daji suka fara da tambayarsu, za su san inda ya dace a zura na'urar sauraro.