Me ya sa ƙullutun ciwon daji yake da tauri?

Tafin hannun mai dakan gero a Gidigir kan yi kanta, domin ƙwayoyin fata suna jin gugar taɓarya, sai fatar ta yi kauri. Haka ƙwayoyin jiki suke, matsi da taurin abin da ke kewaye da su na sauya halinsu. A 1997, a Berkeley ta Amurka, Valerie Weaver da Mina Bissell sun toshe furotin ɗin da ƙwayoyin dajin nono ke riƙe kewayensu da shi, sai ƙwayoyin suka koma jeruwa kamar lafiyayyu. Daga baya aka gano taurin nama na ingiza ƙari ya bazu. Don haka mai ƙullutu mai tauri a nono, ko ba ya ciwo, a kai shi asibitin Gure ko na Damagaram.