Me ya sa ake cewa "the EFCC" amma ba a cewa "the INEC"?

Masu rubuta ƙorafi ko takardar neman aiki da Turanci sukan yi tuntuɓe da kalmar "the" a gaban sunayen hukumomi. Galibi furucin sunan ne ke raba gardama.

Idan ana kiran haruffan ɗaya bayan ɗaya, kalmar na shiga: the EFCC, the APC, the PDP. Idan kuwa sun dunƙule sun zama kalma guda, ba ta shiga: INEC, ASUU, NAFDAC.

A sunayen jami'o'i, "of" ce ke jawo ta: the University of Ibadan, amma Ahmadu Bello University.

Ko a sunayen ƙasashe kalmar na da nauyin siyasa. Bayan samun 'yanci a 1991, hukumomin Yukren sun nemi a daina cewa "the Ukraine", domin hakan na nuna ƙasar tamkar lardin Tarayyar Sobiyat.